Babban Yatsan Kaka

Ana gobe zaɓe, da la'asar, ina zaune a ƙofar gida ina ɗinke wani silifa da ya tsinke, sai Yaya ta zo ta tsaya a kaina. Ita ce babbar 'yar Mama, ni ne auta. Na tura mata benci, ba ta zauna ba. In Yaya ta ƙi zama, to da magana ta zo.

"Sannu-sannu," ta ce. Haka ake kirana a gida, don komai nawa a hankali nake yin sa, har cin abinci. "Kai za ka raka Kaka gobe ko?"

Na ce ni ne.

Kaka shi ne mahaifin Mama, a gidanmu yake zaune. Magini ne a da, shekara bakwai ke nan da idanunsa suka rufe. Dokar zaɓe ta yarda wanda ba ya gani ya shiga da mutum ɗaya, wanda shi da kansa ya zaɓa, ya riƙe masa hannu ya dangwala. A zaɓen da ya wuce Kawu ne ya raka shi, to Kawu ya rasu bara. Da Mama ta tambaye shi wa yake so bana, sai ya ce a ba shi mai gyaran takalma, don shi kaɗai ne ba ya jan mutum kamar za a kai akuya kasuwa.

"Ka san wanda zai zaɓa?" in ji Yaya.

"Ban tambaye shi ba."

"Ni na tambaye shi. Kansila."

Allura ta shige mini yatsa. Na sa yatsan a baki.

Wata takwas da suka wuce, katafila ta zo da sassafe bakin babban titi, inda muke da rumfuna wajen arba'in. Kansilan unguwarmu ne ya kawo ta. An ce an ba da sanarwa, mu dai ba mu ga takarda ba. Tawa rumfar ba wani abin kirki ba ce, kwano huɗu ne da benci. Ta Yaya kuwa da keken ɗinki biyu a ciki, ga kayan mutane a rataye. Mijinta ya tsaya gaban katafilar yana roƙo a bari a fitar da kekunan, sai aka jefa shi mota. Kwana tara ba mu san inda yake ba. Ba a kai shi kotu ba, ba a ce ga laifinsa ba. Da ya dawo, kunnensa na hagu ya daina ji.

Wadda ta yi ta zirga-zirga daga ofis zuwa ofis har aka sako shi, wata malamar asibiti ce da ke bayan layinmu. Ita ce yanzu ta fito takara da Kansila, kuma ta yi alkawarin mayar mana da rumfunanmu. Alamarta a takardar zaɓe bokiti, tasa almakashi.

Yaya ta sunkuyo, ta rage murya.

"Na ga samfurin takardar. Bokiti yana sama, layi na biyu. Almakashi yana ƙasa, na biyar. Kai ne idonsa gobe. Ka kai yatsan inda ya kamata."

"Ai zai tambaye ni, Yaya."

"Sai ka ce eh."

"Ƙarya ke nan fa."

"Ƙarya?" Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Je ka yi wa mijina magana ta kunnen hagu, in ya amsa maka ka dawo ka yi mini wa'azi. Tsoho ne, rediyo kawai yake ji, an cika masa kai. Kai ba ka ji Fasto ranar Lahadi ba? Bai ce mu tsaya wa wanda aka zalunta ba?"

Fasto ya faɗi haka kuwa. Ina wurin, a bencin baya. Amma a cikin wa'azin nan dai ya ce kowa ya bi lamirinsa, kada a tilasta wa kowa, kada a ƙwace wa kowa muryarsa. Yaya ta riƙe na farkon. Ni kuma duka biyun suka maƙale mini, na rasa yadda zan haɗa su wuri ɗaya.

Mama tana tsakar gida tana wanke-wanke, duk tana jin mu. Ƙarar kwanonin ce kawai ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

"Ƙuri'a ɗaya ce fa," na ce.

"To in ɗaya ce, me zai dame ka? Shi ba zai sani ba, ba wanda zai sani. Ni zan zauna a can, ni ce wakiliyar Malama a akwatinmu. Kada ka ba ni kunya, auta."

Ta tafi. Na duba silifan da ke hannuna, ashe na ɗinke igiyar a baibai. Sai da na warware na sake.

Washegari da safe na shiga ɗakin Kaka na tarar har ya shirya, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, katin zaɓensa yana aljihun gaba, yana ta shafa shi ta waje don ya tabbatar yana nan. Na durƙusa na sa masa takalma.

"Ka goge su kuwa, ko miyau ka shafa musu?"

"Na goge, Kaka."

"Ni dai ba na gani, sai abin da aka ce mini. Tsohon banza ma ya fi ka sauri. Tun asuba nake jin ka kana ta shawagi a tsakar gida kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai."

"Tsohon banzan ai shi ya ce a ba shi ni."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya miƙo hannu, don Kaka ba ya fita ƙofar gida bai yi addu'a ba. Na ba shi nawa. Ya gode wa Ubangiji don kwanan da muka yi lafiya, ya roƙa a yi zaɓe ba tashin hankali, kada jinin kowa ya zuba. Daga ƙarshe ya ce, "Ya Uba, ka ba yaron nan idanu masu kyau yau, gama su ne za su zama nawa." Na ce amin.

Muka fita, hannunsa na hagu a kafaɗata, sandarsa a na dama. Gari shiru, shaguna a rufe, ba motoci. Da muka hau babban titi, daidai inda rumfunanmu suke a da, sai na ji ba zan iya riƙe maganar ba.

"Kaka, da gaske Kansila za ka zaɓa?"

"Yayarka ta kawo ƙarata ke nan."

"Ni dai tambaya nake. Me ka gani a jikinsa?"

"Ni da ba na gani?" Ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu. "Ji nan. Sumul. An share, an rufe kwata da murfi. Tun da aka yi haka, Lahadi nawa na je coci da ƙafata, ni kaɗai? Shekara shida ina zaune a bakin gado da rigata, ina jiran wani ya gama wanka ya kai ni gidan Ubangiji. Wani lokacin a manta da ni. Da rumfunanku suna nan, in na fito, nan in yi karo da tebur, can in taka kaskon wani, mai babur ya zage ni. Sau biyu ina faɗawa kwata. Malamarku kuma ta ce za ta dawo da su."

"Amma mijin Yaya fa, Kaka?"

Ya rage tafiya.

"Na yi kuka a kan yaron nan, kai ba ka sani ba. Ban ce Kansila mutumin kirki ba ne. Abin da ya yi, zai amsa a gaban Allah. Na auna, na sake aunawa, wataƙila ma na yi kuskure. Kai ka zaɓe ta, ban hana ka ba. Ni dai abin da ƙafata ta sani zan zaɓa."

Ban gamsu ba. Har yau ma ban gamsu ba. Kunnen mutum ai ya fi murfin kwata. Wannan ne ma ya ƙara dagula mini lissafi, don da a ce ina ganin Kaka ne da gaskiya, da abin ya zo da sauƙi.

A makarantar firamare ake zaɓen, makarantar da na bari a aji biyar. Layi ya yi tsawo har bakin ƙofa, amma da aka ga Kaka aka buɗe mana hanya. Wani mai gyaran keke, wanda rumfarsa take kusa da tawa a da, ya ɗaga mini hannu daga cikin layi.

"Sannu-sannu! Yau dai ka yi sauri, ka riga mu! Ka riƙe Baba da kyau, kada ya zame ƙasa!"

Mutane suka yi dariya. Ni na san abin da yake nufi da ƙasa, wato layin almakashi. Ashe maganar ta zaga.

A cikin ajin an ture kujerun yara gefe. Wakilan 'yan takara suna jere a benci ɗaya jikin bango, Yaya ce ta biyu, da kati rataye a wuyanta. Ta dube ni, ta ɗan ɗaga haɓa sama, ta kawar da kai.

Jami'ar zaɓen wata matashiya ce mai tabarau. Ta duba katin Kaka, ta nemo sunansa a rajista, sannan ta ɗaga murya kamar da kurma take magana.

"Baba, kai ka zaɓi wannan ya taimake ka?"

"'Yata, idon ne ya tafi, kunnen yana nan. Ni na zaɓe shi. Jikana ne."

Ta ji kunya, ta ba shi haƙuri. Ta juyo wurina.

"Abin da ya ce, shi za ka yi. Abin da ka gani a ciki kuma, a ciki zai tsaya, ko mahaifiyarka ba za ka gaya wa ba. Ka ji?"

Na ce na ji. Ta buga hatimi a bayan takardar ta miƙo mini.

Wurin dangwalawar wani kwali ne aka kafa a kan teburin ɗalibi a kusurwa, ya kare mu ta gefe uku. Da ƙyar ya ɗauke mu mu biyu. Na shimfiɗa takardar. Ga bokiti a layi na biyu, kamar yadda Yaya ta ce. Ga almakashi can ƙasa. Gefe ga ɗan akwatin tawada a buɗe.

Kaka ya jingine sandarsa ya ba ni hannunsa na dama, sakakau, kamar yadda yaro yake ba uwa ta yanke masa farce. Hannun magini ne, fatar ta yi kauri, farcen babban yatsan ya tsage tun wani bulo da ya faɗo masa kafin a haife ni. Na danna yatsan a tawada. Ya yi shuɗi.

"Almakashi," ya raɗa mini. Raɗar Kaka kuwa ba ta cika zama raɗa ba, na ji kamar duk ajin sun ji.

Ba zan ɓoye ba. Na ɗaga hannun na kai shi sama, layi na biyu. Na tsayar da yatsan a kan ɗan gidan da ke gaban bokiti, tsakaninsa da takarda bai fi kaurin tafin takalmi ba. Ina tuna mijin Yaya ranar da ya dawo, yadda yake juya kai gaba ɗaya in an kira shi. Ina tuna bencina a ƙarƙashin tayar katafila. Na ce a raina ai ba don kaina kaɗai ba ne, mutum arba'in ne da iyalansu. In na saki hannun kawai, nauyinsa ma ya isa, ba sai na ce komai ba.

Amma Kaka bai saki nauyin ba. Ya riƙe yatsan a sama.

"Nan ne?" ya ce.

Daga waje ina jin hayaniyar layi, wani yana cewa a yi sauri rana tana yi. Na so in yi addu'a, na rasa me zan roƙa, don na riga na san abin da za a ce mini. Mutumin nan ba shi da wata hanya a duniya da zai san inda yatsansa yake sai ta bakina. Cikin duk mutanen gidanmu ni ya nuna. Katafila ta zo ta yi abin da ta ga dama da mu don ba mu da yadda za mu yi, ga shi ni ma na samu wanda ba shi da yadda zai yi.

"Sannu-sannu, tawadar za ta bushe. Nan ne?"

"A'a, Kaka," na ce. "Ba nan ba ne."

Na janye hannun a hankali, ina tsoron kada ya goga a takarda ƙuri'ar ta lalace. Na sauko da shi, na uku, na huɗu, na biyar. Na duba almakashin sau biyu.

"Nan ne."

Ya danna da ƙarfi, kamar yana zaunar da bulo, har teburin ya yi ƙara. Na jira tawadar ta sha iska, na ninke takardar yadda aka nuna, na kai hannunsa bakin akwati ya jefa da kansa.

Na zaunar da shi a wata kujera, na karɓi tawa takardar na koma bayan kwalin. Nawa yatsan a bokiti na sa shi.

Muna fitowa sai ga Yaya ta biyo mu baranda, ta ce wa na kusa da ita ruwa za ta sha. Ta gaida Kaka, ya amsa. Ta ja ni gefe da gefen riga.

"To?"

"An hana faɗa, Yaya."

Ta tsaya tana kallona. Yaya ce ta goye ni ina jariri, ba abin da fuskata za ta ɓoye mata.

"Na gane," ta ce. "Ka kyauta. Sannu, waliyyi. In an sake turo katafila, sai ka tare ta da lamirinka."

"Yaya, ki tsaya ki ji."

"Kada ka zo mini gida. Ba na so mijina ya gan ka."

Idanunta sun kawo ruwa, ta juya da sauri ta koma ciki. Mai gyaran keke yana daga layi yana kallonmu, wannan karon bai ɗaga hannu ba.

Muka kama hanyar gida. Muka wuce katangar makaranta ina ta fatan kada Kaka ya ɗauko maganar. Sai da muka hau babban titi ya ce:

"Kai da ka yi aji biyar, bokiti da almakashi ma sai ka yi ɓatan kai?"

Ga hanya ya ba ni. In na ce wurin da duhu, ko na ce takardar ce na juya, zai yi mini tsiya ya bar maganar.

"Ba ɓatan kai ba ne, Kaka. Da gangan na kai."

Ya tsaya cak. Hannunsa yana kafaɗata, na ji yatsun sun ƙame.

"Wa ya sa ka?"

"Ni ne na riƙe hannun."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na sani."

Ya ja numfashi. Ya juya fuska wajen titi, kamar akwai abin da yake kallo.

"To na biyun fa? Da ka ce nan ne. Ta yaya zan san nan ne?"

Na yi ta neman abin da zan ba shi ya taɓa da hannunsa ya tabbatar. Babu. Takardar tana cikin akwati tare da ɗaruruwa, ba suna a jikinta.

"Ba yadda za ka sani, Kaka. Sai dai maganata."

Ya sauke hannunsa daga kafaɗata. Wurin ya yi sanyi. Muka tsaya haka a gefen titi, rana tana dukanmu, wata mata ta wuce ta gaishe shi bai ma ji ba. Na yi tunanin durƙusawa in ba shi haƙuri, amma na ga kamar hakan ma wata hanya ce ta matsa masa ya ce ya yafe. Sai na tsaya kawai.

Can ya ce, "Da cuta ka ƙudura, da eh za ka ce tun farko. Na karɓi na biyun."

"Na gode, Kaka. Ka yafe mini."

"Wannan kuma ka bari tukuna, kada ka haɗa mini biyu rana ɗaya. Zan kai maganar gaban Ubangiji, in ji yadda zuciyata za ta yi. Uwarka kuma ba sai ta ji ba." Ya gyara riƙon sandarsa. "Yau dai bar ni in taka da ƙafata."

Ya soma tafiya, yana buga sandar hagu da dama. Na bar masa taku uku, na bi shi a baya, ina duba ƙasa ko akwai dutse a gabansa. Akwai wani ɗan ƙarami, na buɗe baki zan faɗa, sandar ta riga ni samun sa. Muka ci gaba har gida.